Saura Arba'in a Mota ta Uku

Bangon da ya raba shagona na kwafi da ɗakin Mai Gem, mai shagon wasan talabijin, siririn bulo ne, ko filasta ba a yi masa ta ɓangarena ba. In matarsa ta ajiye cokali sai na ji. Don haka ranar da suka yi cacar baki da hantsi, ba laɓe na yi ba, maganar ce ta zo ta same ni a kan kujerata.

"Wata bakwai ke nan," in ji Mai Gem. "Da aka kawo shi, sati biyu aka ce."

"Ubana ne fa."

"Na ce uban wani ne? Shi Yayanku ba ubansa ba ne? Ɗaki huɗu gare shi. Ni sitona na kwashe na ba shi, na'ura biyu suna ƙarƙashin gadonmu a kwali. Ke kuma saura wata biyu ki sauka. In Umma ta zo taya ki, a silin za ta kwana?"

"Rage murya, yana jin ka."

"Wata bakwai ina rage murya a gidana, Auta. Har tari sai na fita waje nake yi."

Na ji an ja kujera, na ji an buɗe famfo an rufe. Can sai muryarta ta dawo, a sanyaye.

"To ka bar shi ya gama motocin da ka ba shi. Kai ka ɗora shi a kai. Kada a ce ko wannan ma ba a bar shi ya ƙarasa ba."

"Na yarda. Huɗu ne, ya gama ɗaya. Ranar da ya gama huɗun, ki kira Yaya ya zo ya ɗauke shi."

Siton da tsohon yake kwana yana ɗaya gefen ɗakin nasu, kuma falanki ne ya raba su. In ni na ji ta bulo, ba sai an tambayi abin da ya ji ta katako ba. Bayan rabin awa ya fito da sandarsa, yana jan ƙafar hagu, hularsa a karkace kamar kullum. Ya zauna a bencin da ke tsakanin shagunanmu, ya ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya?" Wata motar kaya ta wuce. Ya bi ta da kunne har ta sha kwana, ya ce, "Fulogi na uku ba ya ci." Ko a fuska ba ka ce ya ji komai ba.

Sunansa na yanka ya ɓace tun kafin a haifi Auta. A layin gareji Sittin ake ce masa, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba. Ya shiga gareji yana ɗan shekara sha huɗu, yana wanke noti a rabin galan. Bai zama babban makaniki ba, hannunsa ba shi da saurin kwancewa da ɗaurawa. Abin da Allah ya ba shi kunne ne da haƙuri. In an sauke inji an yi masa aiki, an zuba sababbin ringi da fistin an mayar, ba a miƙa wa mai mota makulli sai ta bi ta hannun Sittin. Zai loda buhun yashi biyu a baya, ya hau titin bayan gari, ya yi kilomita dubu cikin kwanaki, allura ba ta wuce sittin ba ko sau ɗaya. A tsakiyar tafiyar zai juye baƙin mai, ya murza shi tsakanin yatsu yana neman garin ƙarfe. Yakan kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido. Direbobi suka ce mai keke ya taɓa wuce shi a gangara har ya waiwayo ya yi masa sannu da jiki. Shi da kansa yake ba da labarin, yana dariya.

"Sabon inji baƙo ne," haka yake cewa. "Fistin bai san silinda ba, ringi bai san bango ba. Sai an bar su sun saba da juna. In ka matsa musu ranar farko za su zauna tare, amma da ƙiyayya, kuma ba za su daɗe ba."

Shekara talatin da huɗu ya yi a haka. Abu ɗaya kuma aka san shi da shi bayan jinkiri: bai taɓa yarda ya mayar da malejin mota baya don a yaudari mai saye ba. Dillalai sun yi lallashi, sun yi zagi, sun haƙura.

Uwar 'ya'yansa ta rasu shekara shida da suka wuce. Bara kuma hawan jini ya kayar da shi a gindin wata bas, ya tashi ɓarin hagu ya shanye. Hannun ya dawo rabi, ƙafar ba ta dawo ba, kuma ita ce ƙafar kuloci. Daga asibiti gidan babban ɗansa aka kai shi, hawa na uku a wata sabuwar unguwa can ƙarshen gari. Yaya da matarsa suna fita aiki tun da sassafe, kuma tun ranar da ya gwada sauka shi kaɗai ya gangaro daga bene, sai suka riƙa kulle ƙofa ta waje. Tagar ɗakin tankin ruwa take kallo. Ko ƙarar babur ba ta kaiwa can. Wata biyu ya yi, ya daina magana, ya daina cin abinci sai an zauna a kansa. Shi ne Auta ta ɗauko shi, da sunan sati biyu. Ya taɓa ce mini gidan Yaya kabari ne mai fanka.

A nan kuwa layin gareji tafiyar minti goma ce, gare shi rabin awa. Nan matsalar ta fara. Kullum sai ya ja ƙafa ya je, ya tsaya kan yaran da ke haɗa inji, ya miƙa hannu a ba shi makulli. Ɗan mai garejin, wanda ya gaji wurin, sai ya sa a kawo masa kujera da lemo, ya zura makullan cikin aljihu. Wata rana aka manta makulli a jikin wata ƙaramar mota. Baba Sittin ya shiga ya tayar, ƙafar ta ƙi taka kuloci, motar ta yi tsalle ta daki durom ɗin ruwa. Ba wanda ya ji rauni. An dai yi dariya, kuma aka kira Auta a waya.

Washegari Mai Gem ya durƙusa gaban surukinsa a bencin nan, ina tsaye, ya ce, "Baba, ina da sababbin injina huɗu, kuma ban da wanda zan amince wa sai kai."

Shagon Mai Gem na'urori huɗu ne a jere, kowace da talabijin ɗinta, da kujerar mota ta gaske da ya sayo a wurin 'yan gwangwan, da sitiyari, da totur da birki a ƙasa. A wasan tseren da ake yi a kansu, sabuwar mota ba ta ba da cikakken ƙarfinta sai ta yi kilomita ɗari biyar an kai ta garejin cikin wasan an canza mata mai. Sannan lambar ƙarfinta take hawa. Ya shirya gasa ranar Asabar ta ƙarshen wata, kowace na'ura da mota iri ɗaya, kuma dole ƙarfinsu ya zo daidai, in ba haka ba wanda ya faɗi zai ce an ba shi gurguwa. Wannan duka gaskiya ne. Abin da bai faɗa wa tsohon ba shi ne wasan ba ruwansa da yadda aka yi tafiyar. Kilomita kawai yake ƙirgawa.

Na daɗe ina juya dalilin Mai Gem. Tausayi yana ciki, ban hana shi ba. Amma ya gaji da a riƙa tare shi a hanya ana cewa surukinka yana can gareji yana roƙon makulli. Kuma yana son a ce shi mutumin kirki ne. Kafin sati ya zagayo ba mai shago a layinmu da bai ji daga bakinsa yadda ya samo wa Baba aiki ba. Ita kuwa Auta, ta taɓa zuwa kwafin katin asibitinta, ta tsaya tana kallon ubanta ta ƙofa, ta ce, "Ka san ban taɓa shiga motar da yake tuƙawa ba? Ba ya ɗaukar mutum, wai nauyin yana motsi. Buhun yashi ya fi mu sanin Baba." Yanzu ga shi ta same shi bayan falanki, tana jin numfashinsa. Ban san wanda ya fi riƙe wani ba tsakaninsu.

Ƙarfe bakwai na safe yake fara aiki, ya tashi ƙarfe tara in za a buɗe wa masu wasa. Yakan sa tsohuwar rigarsa ta gareji, wadda Auta ta wanke har shuɗin ya koma toka. Ya zauna, ya gyara madubin da babu shi, ya bar motar tana aiki a tsaye minti biyar don ta ɗumi. Sannan ya ɗauki hanya. A talabijin ga fili shimfiɗe, ga kujerun 'yan kallo cike, ga mota mai iya ɗari uku tana tafiya a hamsin da biyar a gefen dama kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk lokacin da zai canza giya, ƙafar hagun nan sai ta yunƙura tana neman kulocin da ba a saka ba, ta ɗan ɗaga daga ƙasa ta koma. Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon namu, kuma shi ne ya fi kowa cika baki kan gasar, yakan leƙo da buroshi a baki.

"Baba, a sauke ni a kasuwa."

"Ba na ɗaukar kaya mai surutu."

"Taka ta mana, ko sau ɗaya, mu ji muryarta."

"Kai ma da aka haife ka ba a ranar ka fara wannan bakin ba."

Motar farko kwana biyar ta ɗauke shi. Da aka canza mata mai lambar ta hau zuwa ɗari huɗu da sha biyu, ya sa Mai Gem ya rubuta masa a takarda, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Rana ta shida aka yi cacar bakin nan ta bayan bango.

Mota ta biyu kwana takwas ta ci. Ya ce ringinta masu taurin kai ne, ya sauko zuwa arba'in da biyar. Ɗumin safe ya tashi daga minti biyar ya koma kwata. Ya fara tsayawa a gefen hanya cikin wasan, ya saki sitiyari, ya naɗe hannu, wai inji yana shan iska. Mai Gem yakan tsaya bayansa yana kallon agogo, ya buɗe baki, ya tuna suruki ne, ya rufe. A ta uku kuwa abin ya fito fili. Wata safiya kilomita goma sha ɗaya kawai ya yi, ya ce yana jin wani ƙas-ƙas a ƙasa-ƙasa, ba zai matsa mata ba. Ya rame a kwanakin nan. Auta ta ce ba ya taɓa abincin rana. In ya fito benci ba ya ƙara bin motoci da kunne, sai dai ya riƙa motsa leɓe yana lissafi da yatsun hannunsa mai lafiya.

Ranar Talatar makon gasa ya shigo shagona, abin da bai saba ba. Ya jira mai kwafin takardun makaranta ya fita, ya matso har ina jin warin man zafin da ake shafa masa a ƙafa.

"Maƙwabci, kai ka san kan na'ura. Wannan malejin na cikin akwatin, ana iya mayar da shi baya?"

Na dube shi. Ya kau da kai yana kallon injin kwafi.

"Ba da yawa ba," ya ce. "Ko ɗari biyu."

Na ce ban san hanyar ba, kuma ban jin akwai. Sai na ƙara da cewa, in dai ba mutum ya sayar da motar a cikin wasan ya ɗauko sabuwa ba, ita ce take farawa daga sifili. Ya ce, "To." Ya yi godiya ya fita. Na bi bayansa da kallo, mutumin da dillalai suka yi shekara talatin suna lallashi.

A lokacin ta uku saura kilomita arba'in, ta huɗu kuwa ba a taɓa ta ba, ga gasa saura kwana huɗu. Mai Gem bai yi masa magana ba. Ranar Laraba da zai rufe shago sai ya ɗauko robar tiyub ɗin da likitan gashin ƙashi ya ce tsohon ya riƙa ja da ƙafarsa, wadda take rataye a ƙusa bakin sito. Ya kai mota ta huɗu wani fili mai zagaye kamar faranti, ya ɗaure totur da robar har ƙasa, ya karkata sitiyari ya tokare shi da kwalba, ya ja ƙofa ya tafi. Ta gama ɗari biyar ɗinta ba kowa a kujera.

Ranar Alhamis ina buɗe shago na ji muryar Mai Gem, ba daga ɗaki ba, daga cikin shagonsa. Na leƙa. Baba Sittin yana zaune a kujera ta huɗu cikin rigar gareji, hannu biyu a kan sitiyari. A talabijin ga mota sabuwa fil, malejinta yana nuna kilomita uku. Robar tana ninke a kan cinyarsa.

"Baba, ina motar da ke nan?"

"Na sayar. Na ɗauko wata."

"Ka sayar."

"An kashe injin. Wanda ya ɗaure mata totur tun tana sanyi ya gama da ita. Ba zan miƙa wa mutane mota haka da sunana ba."

"Ni na ɗaure."

"Na sani."

Mai Gem ya shafa kansa da hannu biyu. Ba mugun mutum ba ne, na faɗa, amma akwai fushin da ladabi yake tarawa, kuma wata bakwai yana tarawa. Ya durƙusa kamar ranar farko, ya ce, "Baba, don Allah koma waccan kujerar." Ya ɗauki robar daga cinyar tsohon. A gabansa ya ɗaure totur ɗin, a gabansa ya tokare sitiyari.

Motar ta zabura. Allura ta wuce sittin ɗin Baba kafin ka ƙifta ido, ta wuce ɗari biyu, ta je ta kwanta. Gefen motar ya manne da bangon fili yana feshin wuta, tana zagayawa, tana zagayawa. Tsohon ya koma kujera ta uku ya zauna a karkace yana kallo. Ba wanda ya ce ya tsaya, ba wanda ya ce ya tafi. Auta ta fito ta tsaya a ƙofar ciki, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a kan ciki. Ƙarfe tara ya yi, masu wasa suka fara shigowa, suka tarar da mota tana gudu ba direba. Mai Aski ya shigo yana goge hannu.

"A'a, an yi sabon ma'aikaci? Baba, wannan ƙanen naka ba ya shan iska?"

Aka yi dariya. Wani ya ce ita roba ba ta neman shayi. Baba Sittin ya yi murmushi da rabin bakin da yake motsi, saboda a gareji aka rene shi, ya san in ana tsokanarka ba ka ɓata fuska. Amma na ga hannunsa na dama a ƙarƙashin sitiyari yana damƙe da gwiwar ƙafar hagu, kamar yana hana ta tashi.

Awa biyu da 'yan mintoci ta cika ɗari biyar. Mai Gem ya kai ta gareji ya canza mai. Lambar ta fito.

"Baba, ɗauko takardar aljihunka."

Ya ɗauko, ya warware.

"Nawa ka gani?"

"Ɗari huɗu da sha biyu."

"Nan fa?"

"Ɗari huɗu da sha biyu."

"Ɗaya ne, Baba. Ba ringi a ciki, ba fistin. Lissafi ne kawai."

"Na gani."

Mai Gem ya kwance robar ya juyo wajen na'ura ta uku. Tsohon bai tashi daga kujerar ba. Bai kama sitiyari ba, ya dai sa ƙafarsa mai lafiya ya rufe totur ɗin. Suka tsaya a haka, suruki da suruki, mutane takwas suna kallo. Auta ce ta ce, "Bar ta." Mai Gem ya jefa robar kan kanta ya fita waje.

Da azahar na sake jin bango. Ba faɗa ba ne wannan karon, waya ce. Auta ce ta kira, ba wanda ya sa ta. "Yaya, gobe da safe ka zo," ta ce. "A'a, lafiyarsa ƙalau. Ba zan iya ganin ana yi masa dariya ba ne." Da ta ajiye ta yi kuka, amma kukan bai yi tsawo ba, kuma bayansa na ji tana jan kwalayen ƙarƙashin gado tana auna wuri. Ita ma ta gaji, sai dai ba ta da bakin faɗa sai da aka ba ta dalilin da ba za a zarge ta da shi ba. Mai Gem ya shigo daga baya, ya ji an riga an kira, sannan ya ce, "Da kin bari ya ƙara ko sati ne." Kyauta ba ta da wuya in an tabbata ba za a karɓa ba.

Da la'asar tsohon ya fito benci. Na kawo masa ruwa, na zauna, na rasa ta inda zan fara neman gafarar shawarar da na ba shi ba da niyya ba.

"Baba, da na gaya maka tun farko cewa wasan nan..."

"Ka ɗauka ban sani ba?" Ya kurɓi ruwan. "Shekara talatin da huɗu ina sauraron ƙarfe. Tun safiyar farko na san ba kowa a cikin akwatin nan. Kukan da take yi da sanyi shi take yi da zafi. Inji na gaske ba ya haka, ko mutum ba ya haka."

"To me ya sa ka karɓa?"

"Yaron ya yi mini ƙarya mai kyau. Har ƙasa ya durƙusa. In mutum ya ɗauko maka irin wannan ƙaryar, ladabi ne ka kama masa ɗaya bakin." Ya juya kofin a hannunsa. "Ni na ɗauka in na sayar da ita na sayi kwana takwas. Ashe awa biyu na saya."

Wata tasi ta wuce tana hayaƙi. Na jira ya faɗi ciwonta. Bai faɗa ba.

"Can ba a jin komai, Maƙwabci," ya ce. "Sai fanka."

Yaya ya iso ranar Juma'a ƙarfe takwas, cikin mota mai sanyi, ya bar ta a kunne don yana sauri. Mutum ne mai tsabta da ladabi, ya gaishe da kowa, ya ce wa ubansa an sa masa sabuwar talabijin a ɗakin, an kuma ɗauki mai kula da shi da rana. Kayan tsohon jaka ɗaya ce da bokiti da ledar magani. Auta ta ninke rigar garejin za ta sa a jaka, ya karɓe, ya sa ta a kan kayan jikinsa, ya ɓalla maɓallan da hannu ɗaya. Ba wanda ya taya shi, don kowa ya san ba ya so. Robar tana nan kan kanta inda aka jefa ta. Auta ta ɗauka ta ce, "Baba, ta motsa ƙafarka." Ya ce ta bar wa masu gida, sun fi shi buƙata. Mai Aski yana tsaye bakin shagonsa da almakashi a hannu, yau bakin ya mutu.

Ta cikin shago tsohon ya bi ya fito, ba ta ƙofar gefe ba. Na'urori uku a buɗe suke, an goge su saboda gobe. Ta ukun Mai Gem ya lulluɓe ta da tsohon zanen gado, ban sani ba ko kunya ce ko kuwa jira yake motar Yaya ta sha kwana. Baba Sittin ya tsaya a bakin ƙofa, sanda a hannun dama, Yaya yana riƙe da gwiwar hannunsa na hagu yana duba agogo. Tsohon ya juya ya dubi zanen, sannan ya dubi mijin 'yarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ido cikin ido ba.

"Ta ukun saura arba'in," ya ce. "Huɗu ka ce in gama. Maƙwabci ya ji, Auta ta ji. Ban gama ba. Kada ka ɗaura mata roba, ka bar mini ita a rufe, zan zo in ƙarasa."